Silimar Palas da ganuwar Kano

A tsakiyar ƙarni na 20, fataken Maradi da Damagaram da ke saukar da kaya a kasuwar Kurmi sun san wani gini a unguwar Jakara. Shi ne Palas, gidan silima na farko da aka gina a cikin birnin Kano.

Kafin zuwansa, silima abar waje ce. An buɗe Rex a 1937 a bayan ganuwa, wajen da Turawa da Kwarori da baƙi ƴan Kudu suke zaune. A idon mutanen birni, ganuwa iyaka ce tsakanin gidan mutunci da bariki. Majigin da gwamnati ke nunawa kyauta a fili bai dame su ba, don sarakuna ma suna halarta. Silimar kuɗi kuwa, inda maza da mata ke cakuɗa da dare, malamai sun ƙyamace ta.

Ana cikin gardamar gina Palas, ran 13 ga Mayu 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, ta kashe mutum 331. Binciken hukuma ya nuna daga ɗakin na'ura wutar ta fara, domin fim ɗin wancan zamani mai saurin kamawa ne. Amma jama'a da dama sun ɗauke ta a matsayin ishara daga Allah. Duk da haka aka buɗe Palas a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Samari suka riƙa jifar masu shiga, sai da ƴan doka suka sa baki.

Daga baya ƙura ta lafa. Finafinan Indiya suka karɓe allo, matasa suka haddace waƙoƙinsu ba tare da jin harshen ba. Duk da haka, macen aure ba ta taka ƙofar wurin sai da zargi.

Abin da jifa ya kasa, kaset ɗin bidiyo ya yi shi. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya shiga ɗakunan matan da aka hana zuwa silima. Palas kuwa aka mai da shi asibiti. Kallon da aka so tsarewa a bayan ganuwa, a tsakar gida ya yada zango.