Atisaye ga Masu Gazawar Zuciya a Tasawa da Mayahi

Gazawar zuciya, a wannan nazari, ita ce raunin da ke hana zuciya tura isasshen jini zuwa sassan jiki, alamunta kuwa haki da kasala da kumburin ƙafafu. Atisaye kuma motsa jiki ne mai awo, wanda aka ƙayyade nauyinsa da tsawonsa da lokacin hutunsa. A da, kwanciya ake umartar irin wannan majinyaci da ita, sai aka gano doguwar kwanciya tana zubar da ƙarfin tsoka, hakin ya ƙaru. Binciken HF-ACTION na 2009, a kan mutum 2,331 a Amurka da Kanada da Faransa, ya nuna atisaye ba ya ƙara haɗari ga wanda ciwonsa ya lafa, yana ma kyautata jin daɗin rayuwarsa.

Mun kasa motsin jiki gida biyu. Na farko shi ne mai tafiya a hankali, kamar tattaki, inda tsoka ke ɗaurewa tana saki, numfashi na gudana. Na biyu shi ne na yunƙuri, inda ake riƙe numfashi a tattara ƙarfi wuri guda, bugun jini ya hau farat ɗaya. A ƙauyukan Tasawa da Mayahi kusan duk aikin yini na biyun ne: jan guga daga rijiya mai zurfi, surfen gero, ɗora tulu a ka, huɗa. Saboda haka, a ganinmu, cewa majinyaci “ka riƙa motsa jiki” ba tare da bayani ba kuskure ne, domin zai ɗauka izinin komawa gona aka ba shi.

Mai jego ma tana cikin wannan haɗari na aikin yunƙuri. Tun shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry suka danganta gazawar zuciyar masu jego a Zariya da wankan jego da kunun kanwa. Da an yi arba'in kuwa, turmi da rijiya na jiranta.

Awon atisaye ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin asibitin karkara zai iya auna nisan da majinyaci ke ci cikin minti 6, ya ɗora shi kan tattakin minti 5 zuwa 10 da sanyin safiya, a ƙasa mai tauri, don rairayi na ƙara nauyin taku. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan muddin yana iya magana yana tafe. In kumburi ya ƙaru, ko jiri ko ciwon ƙirji ya zo, ko ya kasa kwanciya sai ya jingina, a dakata a kai shi ga likita.