Ikkilisiya

ikkilisiya (suna, mace, jam'i: ikkilisiyoyi)

1. Dukan masu bin Yesu Almasihu a dunƙule. Manzo Bulus ya kwatanta ta da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa (1 Korintiyawa 12).

2. Jama'ar da ke sujada wuri ɗaya ƙarƙashin fasto da dattawa. Ginin kuwa majami'a ne ko coci, ko da yake baki kan gauraya su.

*Horon ikkilisiya:* bisa Matiyu 18:15-17, a fara jan kunnen mai laifi a asirce, sannan a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya taurare a kai gaban jama'a. A wasu majami'un Arewa akan hana shi Jibin Ubangiji, ya koma bencin baya har ya tuba.

*Misali:* Baba, ikkilisiya ta karɓe ni jiya.