Yadda Zanzaro Ya Shiga Rajistar Duniya

A Dandin Mahe, kamar sauran garuruwan ƙasar Shagari da Boɗinga, yaro ma ya san zanzaro. Shi ne ƙwaron nan mai siririn ƙugu da ke ɗebo laka yana gina ɗakinsa a kusurwar zaure, kuma daga ƙugun nasa aka samo "yin zanzaro" ga wanda ya cusa riga cikin wando. Sai dai yana da dangi masu yawa da ke haƙa rami a rairayin gona, waɗanda mukan haɗa su duka mu ce zanzaro ko rina. Masana kuwa sun shafe fiye da shekara 250 suna fama da rarrabe su.

Aikin ya faro ne a 1758, lokacin da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae. A nan ya zuba maginan laka da mahaƙan rami a rukuni guda, ya kira shi Sphex, kalmar Girkanci mai nufin rina. Baƙin zanzaron nan mai rawayan ƙugu, wanda ake samu a Afirka da kudancin Turai, ya sa masa Sphex spirifex. A 1801 wani Bajamushe mai suna Klug ya ware maginan laka ya ba su rukuninsu, Sceliphron, sunan da suke amsawa har yau.

Daga baya aka koma duban halinsu. Jean-Henri Fabre na Faransa, wanda ya fara wallafa jerin littattafansa kan halin ƙwari a 1879, ya bayyana yadda macen ke harbin abin farautarta ta shanye masa jiki ba tare da ta kashe shi ba, ta ja shi rami, ta ɗora ƙwai a kansa, don ɗanta ya tarar da ɗanyen abinci. Kowane rukuni da abin da yake kamawa. Sceliphron gizo-gizo yake farauta, Ammophila tsutsar ganye, Prionyx fara, Philanthus kuwa ƙudan zuma. Ke nan wani abokin manomi ne, wani kuma abokin gaban mai amya. Wanda bai bambanta su ba zai iya fesa wa mai taimakonsa magani.

To, yaya ake gane nau'i? Masani yakan duba jijiyoyin fiffike, da tsawon ƙugu, da siffar fuska, da ƙayoyin ƙafar gaba da mace ke share ƙasa da su. Yana bin jerin tambayoyi masu amsar i ko a'a, kowace amsa ta kai shi ga ta gaba, tamkar yadda muke rubuta manhajar kwamfuta. A ƙarshe kowane suna yana rataye ne ga ƙwaro guda da aka soke da allura aka adana, wanda shi ne hujja idan gardama ta taso. Yawancin irin waɗannan hujjoji na ƙwarin Afirka suna gidajen adana kayan tarihi na Landan, Faris da Balin.

Dalilin haka yana cikin tarihinmu. A 1909 Ingila ta kafa kwamitin binciken ƙwari na Afirka, kuma James Simpson ya wallafa rahotonsa kan Arewacin Nijeriya a 1912. Hankalinsu yana kan ƙudan tsando da sauro, masu kashe mutane da dabbobi. Mahaƙan rami ba su cikin lissafi. A 1976 Bohart da Menke na Amurka suka tsara rukunonin waɗannan ƙwari na duniya baki ɗaya, a 1980 kuma John Medler ya fitar da jerin ƙwarin Nijeriya. Binciken ƙwayoyin gado ya zo ya nuna cewa ƙudan zuma kansa daga zuriyar waɗannan mafarauta ya fito. Ko a 2022, Dörfel da Ohl sun sake bitar Sphex na Afirka kudu da Sahara, suka gano sababbin nau'o'i.

Rajistar dai ba a rufe ta ba. Akwai ɗakin adana ƙwari a Samaru, Zariya, akwai kuma manhajar iNaturalist, inda hoto mai ɗauke da wuri da kwanan wata ke zama bayanin da masana za su tantance. Ɗalibi a Dandin Mahe da wayarsa zai iya saka garinsa a taswirar. In ya tashi, ya tambayi dattawa sunan da suke kiran kowane iri ya rubuta tare, domin Linnaeus bai tanadar wa wannan gurbi ba.