Sibil Difens a Kudancin Kaduna: Daga Usur Zuwa Bindiga

Yaran da ke shiga aikinmu yanzu suna tarar da bindiga a ofis, sai su ɗauka da ita aka fara Sibil Difens. A watan Mayun 1967, ana gab da yaƙin basasa, aka kafa wani kwamiti a Legas don koya wa jama'a abin yi idan jirgi ya saki bam: inda za a fake, yadda za a ɗaure rauni, da kuma kada kowa ya taɓa baƙon ƙarfe a kan hanya. A 1970 ya samu sunan da yake amsawa yau, a 1988 aka buɗe rassa a jihohi.

Mu da muka shiga a Kafanchan bayan nan 'yan sa-kai ne. Babu albashi, kowa da kuɗinsa yake ɗinka kaki, makami kuwa usur da kulki. Ranar Sallah muna filin idi, ranar Kirsimeti muna ƙofar coci, mutane na yi mana kallon 'yan rakiya. Amma garin bai gama warkewa ba daga rikicin Maris 1987 da ya faro a Kwalejin Ilimi, ga na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992, kuma muna da abin da baƙon jami'i ba shi da shi. A faretinmu akwai Bajju, Atyap, Fantswam, Kaninkon, Bahaushe da Bafulatani. Wannan tela ne, wancan tsohon ma'aikacin reluwe. Jita-jita ba ta kwana a kasuwa ɗayanmu bai ji ta da harshen gidansu ba, kuma a wannan yanki sau da yawa jita-jita ce ke kunna wutar.

A 2003 Obasanjo ya sa hannu a dokar da ta mayar da mu hukumar gwamnati sosai, gyaran dokar na 2007 ya ba mu izinin riƙe makami. Albashi ya zo, mutunci ya ƙaru, aiki ma ya ƙaru: gadin bututun mai da wayoyin lantarki, sa ido kan kamfanonin masu gadi, mu nan kuma har da farautar masu kwance ƙarafan layin dogo.

Sai dai babban tashin hankali ya fi ƙarfinmu. An gani a Afrilun 2011 da kasuwar Kafanchan ta ƙone, an sake gani a Disambar 2016 lokacin harin ƙauyen Goska da dokar hana fita ba dare ba rana. Nijeriya ba ta da tsayayyar rundunar ajiya irin ta Amurka da ake kira idan gari ya rikice. Dakarun ƙasa da Babangida ya ƙirƙiro, Abacha ya rushe su a 1993. Shi ya sa kullum sojan bariki ake kwasowa, kuma kafin ya iso an riga an yi ɓarna.

Rundunarmu ta Agro Rangers da aka ware don tsaron gonaki ita ta fi kusa da aikinmu na asali, domin rabin aikin zama ne da manomi da ardo da mai unguwa kan labin da aka toshe. A ganina nan ya kamata a zuba kuɗi da horo, a kuma riƙa tura wa Jema'a, Kaura da Zangon Kataf jami'an da ke jin harsunan yankin.