Masu Rubuta Rayuwarsu a Ƙasar Kabi, Jiya da Yau

Duk Asabar bayan la'asar mukan haɗu mu bakwai a ajin wata makarantar firamare a Bagudo, kowa da wayarsa, muna karanta wa juna abin da muka rubuta a kan rayuwarmu da ta iyayenmu. A farkon zamanmu wani dattijo ya leƙo, ya saurara, ya ce: "Yara, wannan ai aikin Nasara ne. Bahaushe ba ya tona cikinsa a takarda." Maganar ta tsaya mana a rai har muka koma bin tarihi. Sai muka tarar an daɗe ana wannan aiki a ƙasar Kabi, kuma masu yinsa ba su kaɗai suka zauna suka yi ba.

Mu fara da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowannensu, yayansa Shehu Usmanu na cikinsu. A 1813 kuma ya kammala Tazyinul Waraƙat. Tsarin littafin nan shi ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Malam ya tattara waƙoƙin Larabci da ya yi tun yana saurayi, kafin kowace waƙa sai ya faɗi inda ake, da abin da ya faru, da dalilin yinta. Waƙar ta zama turke, labarin ya ɗauru a jikinta. Da yawansu ma jama'a ce ta jawo su. Lokacin da wani malami, Mustafa Gwani, ya zo da baitoci yana sukar Shehu a kan halartar mata wurin wa'azi, Shehu ne ya ce Abdullahi ya ba shi amsa. Ga malami, ga ɗalibi, ga masu sauraro, ga mai suka. Ƙungiyar marubuta ta fi haka?

Kuma bai ɓoye abin da ke da nauyin faɗa ba. Ya ba da labarin yadda, ana tsakiyar jihadi, ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga zukatan abokan tafiya, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano mutane suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Mutumin da ke da irin matsayinsa yana iya tsallake wannan babi, babu mai tuhumarsa. Bai tsallake ba.

Daga Gwandu sai mu gangaro bakin Kwara. Fataken goro masu zuwa Gwanja da yawa ta wajen Illo suke haye kogi, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Zugu, garin da ke cikin Jamhuriyar Benin a yau. Cikin 'ya'yan wannan fatauci akwai Alhaji Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano wajen 1858 amma asalin gidansu Kabawa ne. Ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Karaci, inda ya rasu a 1934. A can ya rubuta wa wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, bayanai da ajami a kan tarihi da zaman Hausawa, da abubuwan da ya gani da idonsa. A zamaninsa ne, cikin 1898, Ingila da Faransa suka raba Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. Hanya ɗaya ta zama ƙasa biyu.

Sai Maimaina na Jega, wanda ya yi wa Turawa tafinta, ya ƙare a sarautar Askira. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga labarinsa da Hausa a 1958. Jikan Abbega ne, ɗaya daga cikin samari biyu da Barth ya tafi da su Ingila a 1855. Ɗayan, Dorugu, shi ne ya zayyana wa Schön rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Muna jin daɗin waɗannan littattafai, amma akwai abin da ke damun mu: a wurin Dorugu da Alhaji Umaru, baƙo ne ke tambaya, kuma abin da baƙo ke son sani shi ake amsawa. Abdullahi kuwa mutanensa ya rubuta wa.

Shi ya sa muka ɗauki hanyarsa. Kowa ya zo da turke: tsohon rasit, hoton biki, kuɗin sefa da ya tsufa a adaka. A ajiye a tebur, a faɗi shekara da wuri, sannan a fara labari. Mukan ɗauki muryar tsofaffi a waya, mu juya ta rubutu. Masu aikin kwamfuta a cikinmu sun sa wa kowa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, amma babu manhajar da ta warware mana matsalar kakar da ke fara zance da Hausa, in ya yi zafi ta koma Dandanci.

Wannan kaka ce ta raba mu gida biyu. Shekara da shekaru tana kai kaya tsakanin Lolo da Madekali, kuma da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 ta ga yadda shinkafa ta koma bin kwalekwale da dare. Ta faɗi komai, har da wanda ya nutse. Jikarta, wadda ke rubutawa, tana tsoron a kira gidansu gidan 'yan fasa-ƙwauri. Wasunmu suka ce a cire, wasu suka tuna mata da babin Kano na Malam Abdullahi. Mun yi Asabar uku muna jayayya. A ƙarshe ta koma ta tambayi mai labarin, tsohuwa ta ce a sauya sunayen masu rai, a bar na mamacin, don 'ya'yansa su san inda ruwa ya ci shi. Babin yana hannunta, Asabar mai zuwa za ta karanta mana.