Maƙoƙon da Ya Taso Daga Ƙoda

A Garu ta ƙasar Illela, kumburin wuya ba ya tayar da hankalin kowa. Maƙoƙo ne, in ji mutane, sai mace ta ja gyale ta rufe, ta ci gaba da harkarta. Galibi kuwa suna da gaskiya: ƙarancin sinadarin aidin ne ke kumbura tayirod, 'yar tsokar nan da ke gaban maƙogwaro. Shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta zuba aidin a gishirin ci.

Sai dai akwai ƙullutun da ba ruwansa da gishiri, don daga ƙoda ya taso. Likitoci sun daɗe kafin su gane haka, domin ita kanta sankarar ƙoda an sha yi mata gurguwar fahimta. A 1883 wani Bajamushe, Paul Grawitz, ya ce tsiron ba daga naman ƙoda yake fitowa ba, daga ɓurɓushin halittar da ke zaune a kanta ne. Maganar ta yi shekaru ana koyar da ita, sai wajen 1960 na'urar hangen ƙananan abubuwa mai ƙarfi ta nuna cewa daga siraran bututun ƙodar yake tsirowa. A tsakani, a 1931, wani likita, Rupert Willis, ya yi rubutu kan sankarar da ke tasowa daga wasu sassan jiki ta sauka a tayirod.

Da tiyatar cire ƙoda ta inganta, marasa lafiya suka riƙa daɗewa a duniya, sannan halin cutar ya fito fili. Ta hanyar jini take bi, tayirod kuwa jini na kwarara cikinsa sosai. Kuma tana da haƙuri: a cire ƙoda, mutum ya yi shekara goma yana noma, sannan ƙullutu ya ɓullo a wuya. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma cikin sankarar da ake kamawa ta sauka a tayirod, ta ƙoda na sahun gaba.

Yau siririyar allura ake sokawa a zuƙo ɗan nama a duba. Idan a wuya kaɗai sankarar ta sauka, cire tayirod na taimakawa ƙwarai, kuma tun 2006 akwai ƙwayoyi irin su sunitinib, ko da yake kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

A ganina, matsalar mazauna bakin iyaka irin mutanen Garu ta takarda ce. An yi wa mutum aikin ƙoda a tsallaken iyaka, a Galmi ko Yamai, bayanin da Faransanci, yana naɗe cikin leda a ƙasan akwati, bayan shekaru kuma ya tafi asibitin koyarwa na Sakkwato da kumburin wuya. Wa zai tuna masa da tabon da ke kwiɓinsa? In likita bai tambaya ba, shi ma ba zai ga dalilin faɗa ba.