Jinkirin Kuɗin Haya a Bande: Tsakanin Doka, Fiƙihu da Haƙurin Mai Gida

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda masu gidaje da shaguna a Bande, cikin gundumar Magariya ta jihar Damagaram, ke bi da ɗan hayar da wata lalura ta hana shi biya a kan lokaci. An dogara ga nazarin dokokin haya na Nijar, da hukuncin ijara a mazhabar Malikiyya, da tarihin iyakar Nijar da Najeriya daga 2019. An gano cewa haƙurin da ba shi da wa'adi ko shaida ya fi cutar da mai rauni.

1. Gabatarwa

Yawancin mutanen Bande manoma ne da ke zaune a gidajen gado, don haka haya ba ta kowa ba ce. Masu kama ɗaki su ne malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka turo daga wani gari, sai 'yan tireda da teloli masu kama shago. Ciniki na baka ne, sau da yawa a gaban mutum ɗaya ko biyu.

2. Abin da doka da fiƙihu suka tanada

Hayar gidan kwana na da dokarta tun 1996. Hayar shago kuwa tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta a 2010, wadda sashenta na 133 ya wajabta wa mai shago ya ba ɗan haya gargaɗi a rubuce, ya jira wata guda, kafin ya nemi kotu ta warware yarjejeniya. Ke nan ɗaura wa shago kwaɗo da hannunka ba ya cikin doka, ko da bashin ya tabbata.

Sai dai ba kasafai rigimar ɗaki ɗaya ke kaiwa kotun Magariya ba. Gaban mai unguwa ko maigari ake fara zuwa, kuma dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta amince musu da ikon sasantawa. A can hujjar da ake ji ita ce aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta umarci a saurara wa mabarcin da ke cikin ƙunci.

3. Wa ake yi wa haƙuri?

A nan ne lamarin ya rarrabu. Malamin kwantiragi da gwamnati ta yi jinkirin biyansa ba ya shan wahalar bayani, domin gari duka ya san albashi bai zo ba, mai gida kuma ya san zai zo. Wannan haƙuri lissafi ne: bashin na da lamuni.

Ɗan kasuwa ya fi shiga tsaka mai wuya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙarƙashin takunkumin CEDEAO. Yankin Magariya da Dungas, wanda cinikinsa ya fuskanci Babura da Kano, ya ji jiki. Ga kuma matsalar kuɗi biyu, tunda naira na yawo a kasuwannin yankin tare da sefa. Mai shagon da ya yanka haya da naira kafin faɗuwarta a 2023, ya kuma yi haƙurin watanni, abin da ya karɓa daga baya bai kai darajar abin da ya bari ba. Mashhurin ra'ayin Malikiyya shi ne a biya adadin da aka ambata, ko kuɗin ya tashi ko ya faɗi. Asarar ta hau kan mai haƙuri, abin da ke sa wasu su ƙi sake yi.

Rukuni na uku shi ne marar lafiya, da matar da mijinta ya tafi ci-rani aike ya yanke. Su ake fi tausaya wa a baki: "Ba komai, sai Allah ya hore." Amma wannan kalma ba ta faɗi ko yafewa aka yi ko jinkirtawa ba. Bashin na taruwa ba wanda ya ƙirga, har ranar da ɗan mai gida zai yi aure a buƙaci ɗakin. Ran nan a tuno da watannin baya duka, kuma kunya ta hana ɗan haya musu.

4. Shawara

Sassaucin yana nan, tsari ne babu. Ya kamata masu unguwanni da limaman Bande su riƙa rubuta abu uku duk lokacin da aka kawo musu irin wannan ƙara, da boko ko da ajami: adadin bashin da irin kuɗin da za a biya da shi, abin da aka yafe, da ranar biya, wadda ga mai dogaro da noma ta dace ta faɗo bayan kaka. Hukumar kwamin Bande kuma ta buga takardar da za a riƙa cikewa, ta raba wa masu unguwanni kyauta.